SAUYA INJIN GAZUWAL DA NA ISANSI: RIBA CE KO ASARA GA MAI BASHE?

Motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, wadda muke kira bashe, ita ce jakin zamani a ƙasarmu. Ita ke kawo hatsi da albasa da awaki daga kasuwannin ƙauye zuwa Yamai, ita ke kai ƴan kasuwa Baleyara ranar lahadi da Bubon ranar laraba, ita ce kuma motar malamin gona da malamin daji da likitan karkara. In ta kwanta, gida guda ne ke shiga wahala, wani lokaci ma gari guda. Da yawa daga cikin waɗannan motoci da injin gazuwal aka ƙera su, amma a garajojin Yamai da Maraɗi da Damagaram ba abin mamaki ba ne a tarar da wata an fidda mata injinta na asali an ɗora mata na isansi. Wasu sun yi sun ji daɗi, wasu sun yi sun ƙare da bashi da mota kwance a ƙofar gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba wannan al'amari tare da masu karatu, tun daga kuɗin mai har zuwa takardun hukuma.

Abin da ke kai mutum ga wannan aiki

Dalili na farko shi ne kuɗin mai. Shekaru da yawa isansi da gazuwal suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a gidajen mai na Nijar: litir ɗin isansi tamma 540, na gazuwal tamma 538. A lokacin nan mai injin gazuwal shi ne sarki, domin kuɗin litir ɗaya ne, motarsa kuwa ba ta sha kamar ta maƙwabcinsa. A shekarar 2022 al'amura suka birkice. Gazuwal ya yi tsada a duniya, ya fi tsada a ƙasashen da ke kewaye da mu, sai ƴan sumogal suka dinga kwashe namu suna tsallaka iyaka da shi, har ya yi wuyar samu a cikin gida. Ranar 1 ga watan Agusta 2022 gwamnati ta ɗaga kuɗinsa daga 538 zuwa 668, ta bar isansi a 540. Dare ɗaya aka samu tazarar tamma 128 tsakanin su biyu. A watan Yuli 2024 hukumomi suka rage duka biyun, isansi ya koma 499, gazuwal 618, amma tazarar ba ta gushe ba, tamma 119 ce ta rage.

Akwai kuma abin da kowa ya sani, ko da ba a rubuta shi cikin littafin kamfanin SONIDEP ba. Tun da daɗewa isansin Najeriya ke shigowa ta barauniyar hanya, ana sayar da shi cikin kwalabe da jarkoki daga Gaya zuwa Ƙonni, daga Ɗan Isa zuwa Magarya. Kafin Mayu 2023 gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi a kan fetur, kamar yadda suke kiran isansi, amma ta daɗe da janye hannunta daga gazuwal. Saboda haka na kwalba mai araha isansi ne kawai. Mai bashe da ke aiki a bakin iyaka yana ganin arahar nan a gefen hanya, shi kuwa ba shi da rabo cikinta. Wannan ƙofa ta rufe ranar 29 ga watan Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar ƙarshen tallafi. Cikin ƴan kwanaki litir ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ya haura naira 1,000 a wurare da yawa. Waɗanda suka dogara ga kwalba suka komo gidan mai, nauyi ya yi wa matatar SORAZ yawa. Matatar nan da aka buɗe kusa da Damagaram a watan Nuwamba 2011, ganga 20,000 aka tsara mata ta tace a yini. A watan Maris 2025 mutanen Yamai sun ga dogayen layuka a gidajen mai, kuma isansi ne ya yi ƙaranci. Wanda ya sauya injinsa don neman sauƙi, yana cikin waɗanda suka yini a layi.

Dalili na biyu ya fi na farko ƙarfi, shi ne kuɗin gyara. Ba kasafai mutum ke fidda injin gazuwal mai lafiya ba. Yawanci sai ya fara hayaƙi, ya fara shan man inji, ya ƙi tashi da sanyin safiya, ko kilas ya tsage saboda zafi, sa'an nan mai mota ke jin kuɗin da makanisiye ya faɗa, gabansa ya faɗi. Kayan injin gazuwal sun fi tsada, kuma gyaran pompo da injektar sana'a ce ta daban, mai bukatar na'urar gwaji da ba kowane garaji ke da ita ba. Tun faɗuwar darajar kuɗin CFA a watan Janairu 1994, wadda ta ninka kuɗin duk abin da ake sayowa daga Turai, masu motoci suka saba da kayan okaziyo. In tsohon injin isansi da aka kwance daga wata mota ya fi gyaran na gida araha, to zuciya takan karkata can.

Yadda injunan biyu suka bambanta

Don mai karatu ya gane abin da ake saye da abin da ake sayarwa, sai mu ɗan leƙa cikin inji. Na isansi, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita a 1876, yana gauraya mai da iska, ya matse su matsi kaɗan, kamar kashi 9 ko 10 su koma 1, sa'an nan buji ya yi tartsatsi wuta ta kama. Na gazuwal, wanda wani Bajamushen, Rudolf Diesel, ya tayar a 1897, ba shi da bujin tartsatsi. Iska zalla yake matsewa, matsi mai tsanani, har kashi 22 su koma 1 a tsofaffin injunan Toyota, iskar ta yi zafi ƙwarai, sai a fesa mata mai ya kama da kansa. Wannan matsi shi ne ya sa injin gazuwal ya fi nauyi, ya fi ƙara, ya fi tsada, shi ne kuma ya sa ya fi tatsar amfani daga kowane ɗigon mai. Bugu da ƙari, litir ɗin gazuwal kansa ya fi na isansi ƙarfi da sama da kashi 10 cikin 100.

Halinsu a kan hanya ma ba ɗaya ba ne. Injin gazuwal raƙumi ne, yana ja da ƙarfi tun yana juyi a hankali, shi ya sa ya dace da lodi da rairayi da laka. Na isansi doki ne, sai an sake masa linzami yake nuna ƙarfinsa. Injin 1HZ mai silinda 6 da ke cikin Land Cruiser tun 1990, ƙarfin doki 130 kawai gare shi, alhali na isansi 1GR da ake sa wa irin motar ya haura 200. Duk da haka, wanda ya taɓa hawan tudun rairayi da buhu 15 a baya ya san cewa ba yawan dawaki ne kaɗai ke fidda mota ba.

A nan ya kamata a raba tsofaffin injuna da sababbi, domin maganarsu ba ɗaya ba ce. Injin Indenor na Peugeot 404 da 504, da injunan 2L da 3L da 5L na Hilux, da 1HZ da muka ambata, pomponsu na ƙarfe ne, suna da haƙuri, kuma makanisiyenmu sun san su kamar yunwar cikinsu. Amma daga Hilux ɗin 2005 aka yawaita injunan da ake kira D-4D, irin su 2KD da 1KD. Waɗannan suna fesa mai da matsin da ya wuce bar 1,000, ta ramuka sirara kamar gashi, kuma kwamfuta ce ke ba su umurni. A ƙasar da mai ke da tsabta suna da kyau ƙwarai. A ƙasar da ake zuba gazuwal daga tsohuwar ganga, cikin ƙurar hunturu, wani lokaci da ruwa a gindin gangar, injektar ba ya jimawa. Guda 4 ne, kuma kowane ɗaya kuɗi ne mai yawa. Yawancin masu neman sauyi a kan sababbin motoci, wannan ce ta kore su. A ganinmu suna da hujja fiye da mai tsohon 3L.

Mu yi lissafi

Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci sun san cewa alƙalami ya fi ƙwaƙwalwa riƙo. To, a ɗauki takarda. Mu ɗauka misali, bashe tana shan litir 10 na gazuwal a kilomita 100. A kan farashin Yuli 2024, tamma 6,180 ke nan. In aka sa mata injin isansi ta sha litir 12, kuɗin ya zama 5,988, an samu ƴar riba. In ta sha 13, ya zama 6,487, an fara asara. In ta sha 14, ya zama 6,986. Wato iyakar tana wajen litir 12 da rabi: da zarar sabon inji ya fi tsohon sha da kashi ɗaya cikin huɗu, arahar litir ta tashi a banza. Tsohon injin isansi mai karbirato, cikin mota mai lodi, bisa hanyar da ba kwalta, da wuya ya tsaya ƙasa da wannan iyaka.

A kai lissafin kan hanya. Daga Yamai zuwa Maraɗi kilomita 660 ne ko kusa da haka, zuwa da komowa 1,320. Da gazuwal litir 132, kuɗinsu jika 81 da ɗoriya. Da isansi a kan litir 13, ana bukatar litir 172, kusan jika 86. A kan litir 14 kuwa litir 185, jika 92 da ɗoriya. Jika 4 zuwa 11 ke nan ke zubewa a kowace tafiya. Mai yin tafiyar sau 4 a wata sai ya ninka da kansa, sa'an nan ya tuna cewa bai riga ya sa kuɗin inji da ladan makanisiye ba. Akwai kuma abin da ba kuɗi ba: tankin da a da ke kai mota kilomita 600, yanzu zai tsaya wajen 450. A hanyar Doso wannan ba kome ba ne. A arewacin Tawa ko bayan Agadas, inda gidajen mai ke nesa da juna, magana ce ta rai.

Ba mu ce babu wanda sauyin ke amfana ba. Mai bashe da ke yawo cikin gari, daga Katako zuwa Talaje, daga Turaku zuwa Harobanda, yana kashe inji yana tayarwa sau 20 a yini, kuma bai cika kilomita 40 ba, shi bambancin mai ba zai dame shi ba, sauƙin gyara kuwa zai gan shi a aljihu. Buji da delko da karbirato, kowane apranti mai shekara 2 a garaji yana iya taɓa su. Lissafin ya dogara ne ga yawan tafiya da nauyin kaya, kowa kuma shi ya san nasa.

A cikin garaji

Wasu suna zaton aikin yini ɗaya ne: a kwance, a ɗaga, a ɗora, a ɗaure. Gaskiyar ita ce, injin kansa shi ne abu mafi sauƙi. Aikin da ya fi yin kyau shi ne wanda aka ɗauko inji daga mota ƴar gida ɗaya, wato Hilux zuwa Hilux, ko Peugeot zuwa Peugeot, domin kamfanin ya riga ya fidda motar da injuna iri biyu. Peugeot 404 da 504 bashe sun fito da na isansi da na gazuwal, kuma da yake an yi shekaru ana harhaɗa 504 a Kaduna, inda kamfanin ya buɗe a 1975, kayanta sun bazu har kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Hilux ma tana da nata na isansi: 4Y da 22R masu karbirato, da 3RZ da 2TR masu kwamfuta. Amma sa injin ƙaramar motar gida cikin bashe, don kawai an same shi da araha, wannan neman wahala ne. Araha ba ta ado.

Ko da injin ɗan gida ne, bakin da ke haɗa shi da buwat sau da yawa ba ya dacewa, sai an sauya shi ko an sayi injin tare da buwat ɗinsa da ambiriyaj. Ƙafafun da inji ke zama a kansu sai an gyara, kuma nan ne ake yawan ha'inci, a yanke a liƙa da walda mara kyau a jikin shasi. Haƙoran da ke juya ƙafafun baya an auna su ne daidai da juyin injin gazuwal, in ba a duba su ba mota takan yi sanyin jiki a tudu ko ta yi ta ihu tana shan mai. Tanki sai an sauke an wanke shi sarai, an sauya bututun mai da matata. Injin mai kwamfuta yana bukatar pompon lantarki da wayoyinsa cikakku da kwamfutarsa, wani ma har da makullinsa na asali, in babu shi ba zai tashi ba ko da an kwana ana murzawa. Wasu tsofaffin Land Cruiser na gazuwal kuma da wutar volt 24 suke aiki, alhali na isansi 12 yake so.

Hanyar samun injin ma ta yi tsawo. A da ta Kwatano yawancin okaziyo ke shigowa, su bi ta Gaya. Da aka rufe iyakar Benin a ƙarshen Yuli 2023, kaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Injin da aka saya a ƙasa, ba a ji kukansa ba, ba a auna matsinsa ba, sayen kifi ne a ruwa. Mai saye ya nemi a tayar da shi a gabansa, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, ya kuma tambayi takardar duwan.

Burki da wuta

Abubuwa biyu muke so mai karatu ya riƙe ko da ya manta da sauran, domin su ba aljihu suke taɓawa ba, rai suke ɗauka.

Na farko burki. A bayan abin taka burki akwai wani tulu baƙi mai taimakon ƙafar direba, wanda ke aiki da zuƙar iska. Injin gazuwal ba ya ba da wannan zuƙa da kansa, sai da wani ƙaramin pompo, wanda a tsofaffin Hilux yake liƙe a bayan na'urar cajin baturi. In aka fidda injin, pompon ya tafi tare da shi. A injin isansi kuwa daga maƙogwaron shigar iska ake jawo bututu zuwa tulun, da ɗan bawul mai hana iska komawa. In makanisiye ya manta, ko ya sa tiyo mai laushi da ke shaƙewa in ya ji zafi, burki zai yi tauri kamar dutse. A cikin garaji ba a ganewa, domin mota ba ta da kaya. Sai ranar da ta ɗauko mutum 20 ta nufo gangara, kuma yanzu ta fi da gudu.

Na biyu wuta. Gazuwal ba ya fidda tururi mai kamawa sai ya yi zafin da ya wuce digiri 55. Isansi yana fidda shi ko cikin tsananin sanyi, balle a watan Afrilu da zafin Yamai ke kai wa 45. Direban da ya yi shekara 20 da gazuwal ya saba da ɗigon mai a ƙarƙashin mota, ya saba da ɗaure bututu da tsumma, ya saba da ɗora jarka a baya inda fasinja ke zaune da taba a baki. Da gazuwal Allah ya yi ta kiyayewa. Da isansi ɗigo ɗaya a kan bututun hayaƙi, ko tartsatsi ɗaya daga wayar da aka murɗe ba a naɗe ba, ya isa. Mutanen Yamai ba su manta da daren 5 zuwa 6 ga watan Mayu 2019 ba, lokacin da tankar isansi ta kife kusa da filin jirgin sama, jama'a suka taru ɗiba, ta kama wuta, mutum fiye da 50 suka rasu nan take. Tururin da ya yi wannan ɓarna shi ne ke cikin tankin bashe. Don haka bututun mai ya zama sabo, ya bi nesa da na hayaƙi, murfin tanki ya rufu da kyau, a kuma rataye abin kashe gobara inda hannu ke kai.

Takardu

Ga inda ma'aikatan hukuma ke da nasu rabo. Takardar mota, wadda ake kira kart giris, tana ɗauke da irin man da mota ke sha da yawan dawakinta na haraji. A kan dawakin nan ake yanke kuɗin binyet, kamfanin asirans kuma yana duban su tare da irin man kafin ya yanke nasa. In an sauya inji, takardar ta daina faɗin gaskiya, sai an je ma'aikatar sufuri an gyara ta, an kuma kai motar wajen duban lafiyar motoci. Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar asirans ta CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Dokar ta wajabta wa mai asirans ya sanar da kamfaninsa, cikin kwana 15, duk wani sabon abu da ya ƙara haɗari, ta kuma ce wanda ya ɓoye da gangan yarjejeniyarsa na iya rushewa. Jandarma a kan hanya ba lalle ya buɗe gaban mota ba. Amma ranar da haɗari ya auku, masanin da kamfani zai aiko shi zai buɗe, kuma abin da zai fara dubawa ke nan.

Motocin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji da ake yi wa gwanjo in sun tsufa, su ne da yawa ke ƙarewa a wannan hanya, domin galibi da mataccen inji ake sayar da su. Da masu kula da garajin gwamnati za su riƙa miƙa wa mai saye littafin gyaran motar tare da makulli, da ya san ko injin na gyaruwa ne ko na zubarwa. Makarantun koyon sana'a irin su Kalmaharo a Yamai da Ɗan Kasawa a Maraɗi kuwa, ƙasa na jiran su da matasa masu iya auna pompo da injektar na zamani, domin rashin mai gyara shi ke sa a yar da injin da sauransa da rai.

Wanda ya riga ya yanke shawarar sauyi, kada ya yi gaggawar sayar da tsohon injin ga masu awon ƙarfe. A zuba masa mai, a toshe kafofinsa, a rufe shi daga ƙura. Farashin mai ya juya sau biyu tsakanin 2022 da 2024, kuma mai sayen bashe a kasuwa yakan fara tambayar ko injin asali na nan. In ma ba a mayar da shi cikin mota ba, tsohon Indenor ko 2L da aka yi wa gyara yana iya juya injin niƙa ko ya jawo ruwa daga kogin Kwara zuwa gonar shinkafa.